Darasin Addini a Sakandare: Ana Rigima a Kan Sunansa, an Bar Abin da Ke Cikinsa

A tsakiyar shekarar 2017 ƙura ta tashi a Najeriya a kan darasin addini a makarantun gwamnati. Labari ya bazu a majami'u da wayoyin hannu cewa an cire darasin addinin Kirista daga manhaja an bar na Musulunci. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta kai kukanta har fadar shugaban ƙasa, lokacin Farfesa Yemi Osinbajo yana riƙon ƙwarya saboda Shugaba Buhari yana jinya a Landan. Majalisar Wakilai ta sa baki. Ƙungiyoyin Musulmi kuma suka ce ai abin da ya sami darasin Kirista shi ya sami nasu, don me za a mai da maganar kamar ɓangare ɗaya aka zalunta?

Asalin abin ya girmi wannan hayaniya da shekara biyar. A 2012, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta sake fasalin karatun shekara tara na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare. Darussan sun yi wa yara yawa, sun kai wajen ashirin, aka ce a rage su kada su wuce goma. Cikin wannan ragi ne aka tattara darussa biyar ƙarƙashin inuwa ɗaya: addinin Musulunci, addinin Kirista, nazarin zamantakewa, ilimin haƙƙin ɗan ƙasa wanda ɗalibai ke kira sibik, da ilimin tsaro. Aka raɗa wa taron suna guda da ya haɗa addini da ɗabi'un ƙasa. An fara aiki da shi a watan Satumban 2014. Malam Adamu Adamu, ministan ilimi na lokacin rigimar, gadonsa ya yi. A watan Yulin 2017 ya umarci NERDC ta sake raba darussan addinin biyu, kowane ya tsaya da ƙafarsa, aka zauna lafiya. Sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ma ta bar su a rabe: yaro Musulmi ya yi na Musulunci, yaro Kirista ya yi na Kirista.

To, an ci nasarar kare sunan darasin da gurbinsa a jadawali. Abin da ba a tsaya an tambaya ba, a 2017 ko bayanta, shi ne me ke gudana a cikin ajin idan malamin IRK, wato darasin Musulunci, ko na CRK, wato na Kirista, ya shiga ya ɗauki alli, kuma ko abin da ake yi a wannan minti arba'in ɗin yana da wata alaƙa da tarbiyyar da iyaye ke zaton 'ya'yansu na samu. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Yadda addini ya shiga makarantar boko

Ba za a gane dalilin da ya sa taɓa wannan darasi ke tayar da jijiyar wuya ba sai an tuna yadda ya shigo. A ƙasar Hausa ya shigo ne a matsayin lamuni. Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugard, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai shiga harkar addininsu ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya san iyaye ba za su ba da 'ya'yansu ba idan suna tsoron za a raba su da salla. Saboda haka malamin Arabiyya da addini ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan elementare da midil a Arewa. Zamansa a makarantar shi ne shaidar cewa boko bai zo ya karɓe yaro daga hannun addininsa ba.

A Kudu da wuraren da mishan suka kafu a tsakiyar ƙasa, labarin ya sha bamban. Can makarantar ce ta taso daga cikin coci, karatun Littafi Mai Tsarki shi ne tushe, lissafi da Turanci suka biyo baya. Da gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, sai waɗannan gado biyu suka haɗu ƙarƙashin rufi ɗaya. Musulmi yana kallon darasin a matsayin sharaɗin da ya sa ya yarda da boko tun farko, Kirista yana kallonsa a matsayin ɗan abin da ya rage masa daga makarantar da kakanninsa suka gina. Duk wanda ya taɓa shi, ko da niyyar rage wa yara nauyin jaka ne, kowane ɓangare zai ji an taɓa alkawari.

Tsarin mulkin 1999 ya kafa wa wannan yanayi doka. Sashe na 38, ƙaramin sashe na 2, ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin wani addini da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, haka ma halartar ibadarsa. Kariya ce mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai so a cire ta. Amma tana da sakamako da ba a cika faɗa ba. Da an kaɗa ƙararrawar darasin addini, aji yana rabewa biyu. Masu rinjaye su zauna, 'yan tsiraru su fita neman ɗakin da babu kowa ko gindin bishiya. Inda 'yan tsirarun ba su da yawa, sau da yawa ba a ma turo musu malami. Kiristoci a wasu jihohin Arewa sun daɗe suna wannan kuka, Musulmi a wasu jihohin Kudu su ma haka, kuma kowane ɓangare ya fi jin zafin nasa.

Aiki uku a wuyan malami ɗaya

Idan uba ya ce yana so a koya wa ɗansa addini a makaranta, yana iya nufin a koya masa aƙida da ibada: tauhidi, tsarki, salla, azumi. Yana iya nufin a gyara masa hali, ya daina ƙarya da rashin kunya. Akwai kuma aiki na uku da ba uban ne ke nema ba, ƙasar ce ke bukata, wato yaro ya san abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi gwargwadon da za su zauna lafiya. Waɗannan ayyuka ba iri ɗaya ba ne, ba a kuma koyar da su ta hanya ɗaya. Manhajarmu ta fi ƙarfi a na farko, tana taɓa na biyu a takarda, na uku kuwa babu wanda aka ɗora wa shi.

Abin lura shi ne na farkon, wanda makarantar boko ta fi kashe wa lokaci, shi ne wanda yaron ƙasar Hausa ya fi samu a wani wuri. Dubi abin da WAEC da NECO ke tambaya a darasin Musulunci: tarihin Jahiliyya da rayuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da halifofi huɗu, yadda aka saukar da Alƙur'ani aka tattara shi, gajerun surori irin su Fatiha da Duha da Ƙadri da Ikhlasi, zaɓaɓɓun hadisai daga Arba'una ta Imam Nawawi, sai tauhidi, ibada, aure, saki da gado. Yarinyar da ta yi shekara shida tana zuwa Islamiyya da yamma a Kano ko Zariya ko Gusau ta wuce mafi yawan wannan tun kafin ta shiga aji ɗaya na babbar sakandare. Wata ma ta yi sauka, ta haddace Arba'una gaba ɗaya. A ajin boko abin da ya ƙaru mata kawai shi ne ta iya rubuta abin da ta sani da Turanci.

Wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne. Yaron ya haddace nassin da Larabci, ya fahimce shi da Hausa, za a kuma jarraba shi da Turanci, har a ce ya rubuta aya da baƙaƙen boko bisa wata ƙa'ida da bai taɓa gani a allo ba. Sai ka ga mahaddacin Alƙur'ani ya sha da ƙyar a jarrabawar IRK, wanda bai kai shi sani ba amma ya fi shi Turanci ya tafi da maki. Malamin da ya ga haka, ya kuma san da sakamakon jarrabawa za a auna shi, zai koma ga abin da ke kawo kiredit: rubuta bayani a allo, yara su kwafa, a bi tambayoyin shekarun baya. Ban ga laifinsa sosai ba. Jarrabawar tana da tambayoyi hamsin na zaɓi-ɗaya, sai na rubutu da ke cewa kawo sharuɗɗa biyar, lissafo darussa huɗu. Abin da ake tambaya shi ake koyarwa.

Ɓangaren Kirista ma haka zancen yake. Manhajar tana ɗauke da abubuwa masu nauyi: shugabancin Yusufu da Musa da Joshuwa, sakacin Eli wajen tarbiyyar 'ya'yansa, kwaɗayin Ahab da Gehazi, kiran Amos a kan zaluntar talaka, koyarwar Yaƙub cewa bangaskiya ba tare da aiki ba matacciya ce. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa a yi mako ana tattauna shi da 'yan shekara goma sha shida. Amma a takardar jarrabawa sai ya koma ba da labari, sannan a kawo darasi uku da aka koya, kuma darussan ukun ma haddace su ake yi daga littafin bita.

Inda tarbiyya ta maƙale

A manhajar Musulunci akwai sashen da ake kira tahzibi, wato gyaran hali: biyayya ga iyaye, gaskiya, riƙon amana, haramcin caca da giya da zina da cin hanci. Ba a manta da shi ba. Matsalar ita ce an mai da shi babi cikin babuka, ana karanta shi yadda ake karanta rabon gado. Malamanmu na zaure ba haka suka jera abin ba. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san kafin a kai ga alwala sai an bi ta kan gyara imani, tuba, mayar da haƙƙin mutane, kiyaye harshe daga ƙarya da gulma da annamimanci, da nisantar abokin banza. Kuma almajirin yana zaune ne gaban mutumin da yake ganin yadda yake ci, yadda yake karɓar baƙo, yadda yake yi idan ransa ya ɓaci. Rabin karatun a ido yake shiga.

Makarantar sakandare ma tana koyar da hali ta ido, sai dai ba koyaushe abin da take koyarwa ya dace da abin da ke cikin littafi ba. Yaro yana ganin malamin da ba ya shiga aji sai ya ga dama. Yana ganin siniya ya ƙwace masa sabulu da gari babu abin da ya faru. Yana ganin wanda ya makara an zane shi, ɗan wani babba ya makara an ce wuce. Mafi muni, yana ganin lokacin jarrabawar fita an ce kowa ya kawo kuɗin da za a sallami mai sa ido, iyaye sun biya suna sane, an rubuta amsa a allo. Ƙasar tana da dokar hukunta maguɗin jarrabawa tun 1999, abin bai fasa ba. A irin wannan ɗaki ne ɗalibi zai kwafi hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, ya samu maki cikakke a kansa. Wane darasi kake jin ya fi zama a zuciyarsa, na allo ko na zauren jarrabawa?

A katin sakamako akwai wani gefe da ake ba yaro maki a kan gaskiya, ladabi, tsafta da zuwa a kan lokaci. Niyyar mai kyau ce. Amma malamin aji mai ɗalibai ɗari ko fiye, wanda bai san sunan rabinsu ba, cikewa kawai yake yi a daren da za a raba kati.

Sannan akwai tazara tsakanin misalan littafi da duniyar da yaran ke ciki. Ayar da ta haramta caca tana cikin manhaja, amma cacar da ɗan aji biyar ya sani ba ta karta ba ce, ta ƙwallon Turai ce a cikin waya, kuma da yawansu ba su ma ɗauke ta caca ba, suna ganin iya hasashe ne. An ambaci giya, alhali abin da ke cin unguwanninmu shi ne ƙwaya da maganin tari mai kodin, wanda sai a 2018 gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta ce idan fasiƙi ya zo da labari a bincika, ayoyi na 11 da 12 suka hana izgili da laƙabin banza da bin diddigin mutane da gulma. Da wuya a samu nassin da ya fi wannan dacewa da yaron da ke tura duk abin da ya shigo masa a WhatsApp, ko yarinyar da aka yaɗa hotonta a rukunin 'yan aji. Haɗa ayar da wayar aikin malami ne, kuma malamin da ke tseren ƙare manhaja kafin zangon karatu ya ƙare ba shi da wannan sarari.

Haka kuma an raba gari tsakanin darasin addini da na sibik ta hanyar da ta cuci duka biyun. Sashe na 23 na tsarin mulki ya lissafa ɗabi'un ƙasa: ɗa'a, riƙon gaskiya, girmama sana'a, adalci a zamantakewa, haƙuri da addinin juna, dogaro da kai da kishin ƙasa. Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin cusa su, daga yunƙurin gyaran ɗabi'u na Shagari, zuwa yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon a 1984, zuwa MAMSER, shirin wayar da kan jama'a na Babangida, a 1987. Sibik ya gaji wannan harshe, harshen gwamnati, wanda yaro ke haddacewa ba tare da ya ji tsoron kowa a kansa ba. Darasin addini kuma, wanda ke da ikon taɓa zuciya, ya tsaya a kan salla da aure, bai cika leƙa ofis da kasuwa da rumfar zaɓe ba. Daga nan ake samun mutumin da ba ya rasa sahun farko amma bai ɗauki kuɗin gwamnati a matsayin dukiyar wani ba. Alhali kayan aikin suna nan a addinan biyu. Akwai hadisin ma'aikacin zakka da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya tambaya me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. A Linjilar Luka, Yahaya Mai Baftisma ya ce wa masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa sojoji kada su yi ƙwace, su gamsu da albashinsu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki gaisuwar da ake kai wa masu mulki tun fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Malamin sibik ba ya kawo waɗannan don ba fanninsa ba ne, malamin addini ba ya tsayawa a kansu don ba su cika fitowa a jarrabawa ba.

Abin da ajin boko kaɗai zai iya

Akwai abu guda da ajin sakandaren gwamnati yake da shi wanda Islamiyya ba ta da shi, kuma a nan ne nake ganin darasin ya kamata ya nemi dalilin zamansa. Islamiyyoyinmu sun rabu bisa ƙungiya. Tun bayan kafa Izala a Jos a 1978, da bunƙasar makarantun ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya, da na 'yan Shi'a daga baya, kowane uba yana kai ɗansa inda za a koya masa fahimtar gidansu. Masallatai ma haka. Wuri ɗaya da ɗan Izala da ɗan ɗariƙa da ɗan Shi'a ke zama a benci guda, gaban malami guda, suna karatun addini, shi ne ajin IRK. A ɓangaren Kirista kuma nan ne ɗan Katolika da ɗan ECWA da ɗan COCIN da ɗan sababbin majami'u ke haɗuwa.

Malamai sukan bi ɗaya daga hanya biyu da wannan dama. Wani ya mai da ajin mumbarin ƙungiyarsa, ya yi ta sakin magana a kan Maulidi ko a kan masu hana shi, yara su koma gida su faɗa, iyaye su zo wurin shugaban makaranta. Wani kuma, don gudun fitina, da an ɗaga hannu an tambayi ƙablu da sadalu sai ya ce ba ya cikin manhaja. Na biyun ya fi na farko lafiya, amma shi ma ya yi asarar abin da ya fi komai amfani. Ɗan shekara goma sha biyar ya isa a gaya masa cewa malamai sun yi saɓani tun zamanin sahabbai, cewa mazhabobi huɗu sun bambanta a mas'aloli da yawa ba tare da sun kafirta juna ba, cewa ga hujjar waɗannan ga ta waɗancan, kuma wanda ke kusa da kai a benci ba maƙiyinka ba ne don ya saki hannu ko ya kama. Ladabin saɓani fanni ne da magabata suka yi rubutu a kansa. Idan ba a koya shi a nan ba, yaron zai koyi saɓanin ba tare da ladabin ba, daga gajerun bidiyon raddi da ke yawo a TikTok da Facebook.

Kada a manta kuma, ba a aji kaɗai ake gina tunanin addini na ɗalibi ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954, da ta ɗalibai Kirista, FCS, wadda ta samo asali a Gindiri a 1957, sun fi darasin aji tasiri a makarantun kwana da yawa. Sun fitar da mutanen kirki ba adadi. Amma a nan ne ake gayyato mai wa'azi daga waje, wani lokaci ba tare da hukumar makaranta ta san me zai faɗa ba, kuma a nan ne ɗalibi mai zafin kai kan zama malamin 'yan uwansa.

Maganar sanin addinin maƙwabci ita ce mafi wuya. Gana ta bi wata hanya daban. A makarantunta na matakin farko akwai darasi guda na addini da tarbiyya, inda yaro ke koyon abubuwa game da Kiristanci da Musulunci da addinin gargajiya a aji ɗaya, ɗan zango da ɗan coci tare. Da aka cire shi a gyaran manhaja na 2007, shugabannin addini suka yi ca, aka dawo da shi. Nijar kuma, da yake ta daɗe da raba addini da hukuma, ta bar karatun addini ga makarantun Faransanci da Larabci, irin wadda aka fara a Sayi a 1957, da kuma na allo. Ban jin tsarin Gana zai karɓu a Najeriya yadda yake. Abin da ya faru a 2017 ya nuna ko haɗa suna kawai bai yiwu ba, balle haɗa aji, kuma sashe na 38 yana tsaye.

Sai dai akwai bambanci tsakanin koya wa yaro ya yi imani da wani addini da sanar da shi abin da mabiyansa ke girmamawa. Na biyun zai iya shiga darasin tarihi ko na zama ɗan ƙasa ba tare da an taka doka ba: me ya sa Musulmi ba ya son a taɓa Alƙur'ani ba tsarki, me Ista ke nufi ga Kirista, wace magana ce idan ka faɗa ka zagi abin da wani ya fi so fiye da ransa. Rashin wannan sani, haɗe da rashin sanin iyakar mutum a gaban doka, ya ci rayuka a cikin makarantu. A watan Maris na 2007 ɗalibai sun kashe wata malama Kirista a wata sakandaren gwamnati a Gombe, tana sa ido a jarrabawar darasin addinin Musulunci, bisa zargin wulaƙanta Alƙur'ani. A watan Mayun 2022 aka kashe wata ɗaliba a kwalejin ilimi ta Sakkwato bisa zargin ɓatanci, kuma wurin makarantar horar da malamai ce, masu shirin shiga aji gobe. Hadisi na 34 a Arba'una, na gusar da abin ƙi da hannu ko harshe ko zuciya, yara suna haddace shi. Sharhin malamai a kansa, cewa zartar da hukunci aikin hukuma ne ba na taron jama'a ba, cewa zargi ba hujja ba ne, cewa ba a gusar da ɓarna da wadda ta fi ta, shi ne ba ya samun lokaci, don ba a ba da maki a kansa.

Duk wannan yana komawa kan wanda ke riƙe da allin. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar ita ce NCE, kuma masu shiga ajin addini iri biyu ne galibi: wanda ya taso ta makarantun Arabiyya, yana da ilimin amma Turancin jarrabawa na ba shi wuya, da wanda ya bi ta boko zalla, yana da Turancin amma ɗaliban da suka yi nisa a Islamiyya suna kama shi da kuskuren karatu, daga nan girmansa ya zube. Kaɗan ne aka horar a kan yadda ake jan tattaunawa da matasa, yadda ake amsa tambayar yaron da shakka ta fara shigarsa ba tare da an kunyata shi ba, ko yadda ake magana a kan balaga da yarinyar da ba za ta iya tambayar mahaifiyarta ba. A makaranta kuma shi ne limami, shi ne mai sasanta faɗa, shi ne ake kira idan an ce aljanu sun tashi a ɗakin kwanan 'yan mata, amma idan ana rabon kujerun ƙaro ilimi malaman kimiyya da lissafi ake fara tunawa.

A tsarin 2025 an taƙaita darussan babbar sakandare zuwa takwas ko tara. Na dole su ne Turanci, lissafi, sana'a guda, fasahar zamani, da sabon darasin zama ɗan ƙasa da ya haɗiye sibik. Darussan addini suna rukunin zaɓi tare da adabi da harsuna. Ma'ana ɗalibin kimiyya, wanda fiziks da kemistiri da bayoloji suka riga suka cike masa gurbi, yana iya rabuwa da darasin tun daga aji huɗu, sai fa inda jiha ko makaranta ta wajabta shi da kanta. Waɗannan su ne shekarun goma sha biyar zuwa goma sha takwas, kuma daga cikin waɗannan ɗalibai ne likitoci da injiniyoyi da masu haɗa magunguna za su fito. Yawancin makarantun sakandare na jihohi ne, don haka ɗaukar malamin addini, tura shi inda 'yan tsiraru suke, da yawan lokacin da za a ba shi a mako, duk a ma'aikatar ilimi ta jiha ake yanke su. Irin tambayar da za ta fito a takarda kuwa, wadda ita ke juya abin da malamin zai koyar, tana hannun WAEC da NECO, kuma a duk rigimar da aka yi a 2017 hankalin masu kuka bai kai kansu ba.